Kwana Ukun da Muka Kulle Kanmu a Makka

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya riga Ya ga abin da zan faɗa. Sunana Tabawa. Ban yi boko ba, allo ma iyakacina ƙananan surori. Ni ke magana, maƙwabciyata na rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta zuba wa maganata zuma.

Zangona na farko Kudai ne, inda motoci ke sauke alhazai. Mu tara wani ejan ya kawo da sunan Umara, da alkawarin aiki in an gama. Bahaushe ne, bakinsa kamar an shafa man shanu, kowace cikinmu "Iyata" yake ce mata. Ya zaunar da mu a inuwar wata katanga, ya rubuta sunayenmu a takarda, ya karɓe fasfo ɗinmu wai zai je a buga musu hatimi. Har yau yana can yana buga hatimin. Kwana biyu muna gindin katangar nan. Wani direba ɗan Yaman ne ya lura ba mu motsa ba, ya ajiye mana burodi da ruwa, ya tafi. A wurin na yi karatun da ban yi a makaranta ba: duk wanda ya zo maka da takarda da biro da murmushi, wani abu ya zo raba ka da shi.

Daga nan sai unguwar Hindawiyya. Shekara shida ina aikin gida a wani bene, wanki da guga da goge matakala. Uwar gidan ba muguwa ba ce, tana ba ni abinci mai kyau, amma har na bar gidan ba ta iya sunana ba. Na bar 'ya'ya biyu marayu a hannun mahaifiyata. Ba ganin Ka'aba ne ke sa ni kuka ba a lokacin, Allah Ya yafe mini, ƙanshin daddawa ne in na wuce wani lungu. Ranar da aka bugo waya aka ce mahaifiyata ta rasu, ina tsakiyar soya kifin mutane. Na ƙarasa suyar, na kai musu, sannan na shiga banɗaki na zauna.

A Hindawiyya na haɗu da Yaya Gambo. Ta girme ni da shekara goma, ta kuma riga ni zuwa da kusan ashirin. Tsabar tattabaru take sayarwa a hanyar Harami. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke wannan fuska taki ko madara ta gani sai ta tsinke. Zo mu je ki sha fura." Ba ta da ɗa, ba ta da miji, danginta na gida duk sun ƙare. Abu ɗaya take nema a duniya, kuma kullum sai ta faɗe shi: a sallace ta a Harami, a binne ta a Makka. Don shi ta ƙi komawa, don shi take kwana cikin tsoro shekara da shekaru.

Ita ta kai ni dutsen da na yi sauran zamana. Ba zan faɗi sunansa ba. Ɗakunan bulo ne a kan juna, matakala ta fi ɗari kafin ka kai lungunmu. Ɗaki goma sha huɗu ne a lungun, yawanci mata, duk Takari, wato mu baƙaƙen da muka zo ibada muka zauna. Ba mai igama a cikinmu, takardar zaman ƙasa ke nan. Na kafa tukunyar tuwo da miyar kuka a ƙofar ɗakina, wurin da nake ganin duk mai hawowa tun yana matakalar farko.

A gindin lungun akwai gidan Ummu Faisal. Bahaushiya ce haifaffiyar Makka, kakanninta da ƙafa suka zo, tana da takardar 'yan ƙasa. Hausarta rabi Larabci ne. Da ita muka ƙulla dabarar da ta tsare mu. In na hango baƙuwar fuska, sai in sa a kashe wuta, a kwashe takalma da shanya, kowa ya shige ɗaki. Ummu Faisal ta bi ƙofa-ƙofa tana sa kwaɗo ta waje, ta zuba makullan a aljihu ta koma gidanta. Duk wanda ya hawo ya ga kwaɗo a waje, ya san ba kowa a ciki. Sau uku masu kame suna hawowa, sau uku suna sauka hannu rabbana. Tun daga nan maganata ta zama doka a lungun. In na ce a shiga, ko mai naƙuda sai ta shiga.

Ana nan ɓarin jikin Yaya Gambo ya shanye. Na ɗauko ta na dawo da ita ɗakina. Ni ke juya ta, ni ke mata wanka. Bakinta dai bai shanye ba.

Wata rana bayan la'asar wata mata ta hawo tana haki, da takalmin gudu irin na maza a ƙarƙashin abaya. Ta yi sallama ta ce ƙanshin kuka ne ya jawo ta. Sunanta Maryam, 'yar Zariya, ta zo Umara daga wata ƙasa wai ita Suwidin, can ƙarshen ƙasashen Turawa inda take aure. Ta cinye malmala biyu tana lumshe ido.

Yaya Gambo ta ɗago daga kan tabarma. "Suwidin? Ba ita ce aka ce rana ba ta faɗuwa ba? To ku da azumi sai yaushe, 'yar nan? Ko sahur ɗaya kuke yi sai Sallah?"

Maryam ta yi dariya har ta ƙware. "Baba, wata shida kuma ranar ba ta son fitowa. Nan muke ramawa."

Ta riƙa zuwa kullum. Kowa ya so ta, ban da ni. Tambayarta ta yi yawa. Mutum nawa ne a lungun? Ina kuke samun ruwa? In mutum ya yi ciwo fa? Kuma akwai ɗan littafi a jakarta.

Cikin kwanakin ne aka liƙa takarda a bangon masallacin gindin dutse. Ummu Faisal ta karanto ta hawo da labari. Za a fasa sabon titi. Hanya biyu ake dubawa: ko ya bi ta bayan dutse inda tsofaffin gareji suke, ko ya ratsa ta lungunmu. An kafa kwamiti zai zaga kwana uku, ƙofa-ƙofa, ya ji ta bakin mutane kafin a yanke. Takardar ta ce ba ruwansu da igamar kowa.

Na ce, "Tarko ne. Mai kama kaza ai tsaba yake watsawa."

Maryam na zaune da kwano a cinya. Ta ajiye ta ce, "Baba Tabawa, ki yi haƙuri in sa baki. Wannan shi ne aikina a can. Hukumarsu kafin ta yi doka ko ta rushe wani abu, sai ta rubuta abin da take nufi, ta aika wa waɗanda abin ya shafa, ta ba su lokaci su amsa. Da yarensu ake rubutawa, ni kuma ina juya wa baƙi."

"Sai su bi abin da kuka ce?"

"Wani lokaci su bi, wani lokaci su yi abin da suka ga dama. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wanda ya yi shiru, da shi da wanda ya yarda ɗaya ne a wurinsu. A unguwarmu an aiko takarda kan ajin da 'ya'yanmu ke koyon harshen iyayensu, a bar shi ko a rufe. Mutanenmu suka ga hatimin hukuma, kowa ya tura tasa ƙarƙashin katifa. Aka rufe ajin. Da muka je kuka, sai aka nuna mana ranar da aka tambaye mu."

Na ce, "Can kuna da takarda. In kun yi magana a gadonku za ku kwana. Mu in mun yi magana a jirgi za mu kwana."

"Gaskiya ne. To kada ku faɗi suna. A rubuta wasiƙa ɗaya, a ce ɗaki goma sha huɗu, akwai tsofaffi, akwai mara lafiya. Ummu Faisal ta miƙa, ita ba mai taɓa ta."

Ummu Faisal ta ce, "Wallahi ya Hala, kalam ɗinta mazbut ne. Ni zan kai, mafi mushkila." Wato maganar Maryam daidai ce, kuma za ta kai wasiƙar ba matsala.

Na dubi Maryam na ce, "Wa ya aiko ki? Kin ƙirga mu tun ranar farko, yanzu kina so mu sa hannu a ƙirgar."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Allah Ya sani." Ta ɗauki jakarta ta sauka. Washegari jirginsu ya tashi, amma kafin ta tafi ta sa an rubuta wasiƙar da Larabci ta bar wa Ummu Faisal. Na karɓa na ce zan adana. A ƙarƙashin tukunyar tuwo na adana ta, na tsaya har ta zama toka.

Ban tara matan lungu na ji abin da suke so ba. Ban ga dalili ba. Na ce gobe kwaɗo, kuma wannan karon kwana uku ne. Wata yarinya mai goyo, Ladidi, ta buɗe baki za ta yi magana, na dube ta, ta rufe.

Zafin ɗakin nan da ƙofa a kulle, ba wuta, ba fanka don kada a ji ƙararta, sai wanda ya zauna ya sani. Tun hantsi Ummu Faisal ke kulle mu, sai bayan la'asar ta buɗe. Ranar farko na ji takunsu, mutum uku. Suna ƙwanƙwasawa suna cewa, "Fi ahad?" wato akwai mutum? Ba wanda ya yi tari. Rana ta biyu haka. Ina leƙe ta hudar ƙofa, na ga ɗaya ya taɓa kwaɗon ya rubuta wani abu, na ce a raina, rubuta, ɗan nema.

Rana ta uku suka zo da mai jin Hausa. Ya tsaya daidai ƙofata.

"Salamu alaikum, masu gida. In da mutum a ciki ya yi magana, don Allah. Ba kame ba ne. Ko ta bayan ƙofa ne ku ce muna nan, ya isa. Yau ce rana ta ƙarshe."

Muryarsa mai taushi ce. Irin ta ejan ɗin Kudai.

Na ji Yaya Gambo ta ja numfashi a bayana. Na juya, na ga ta buɗe baki. Kafin sauti ya fito na danne bakin da tafin hannuna. Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya tana ja, ba ta da ƙarfi. Hawayenta ya bi ta tsakanin yatsuna. Haka na riƙe ta har takun ya sauka matakala ya ɓace. Da na sake ta sai ta juya fuska bango.

Da yamma na fito ina ce wa matan lungu, "Kun gani? Ko akuya ba su kama ba." Aka yi ta sa mini albarka.

Wata biyu aka yi shiru. Sai wata safiya wasu ma'aikata suka hawo da gwangwanin jan fenti, suka bi bangon lungunmu ɗaki-ɗaki suna yin alama. Ummu Faisal ta sauka ofishin kwamitin ta dawo fuskarta kamar an yi mata mutuwa. Masu gareji sun je su da yawa, sun yi magana, sun kawo dalilai. Lungunmu kuwa an rubuta shi ɗakunan ajiya ne, a kulle, ba mazauna. Titi ta kanmu zai bi. Gidan Ummu Faisal da ke gindi ya tsira da ƙyar.

Shekara ashirin da wani abu ban taɓa taka ofishin hukuma da ƙafata ba. Ranar na yafa mayafi na ce Ummu Faisal ta raka ni. Mutumin da muka samu dattijo ne mai furfura a gemu. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na yi magana, Ummu Faisal na juyawa. Na ce akwai mutane a ɗakunan nan, akwai jarirai, akwai tsohuwa da ba ta tafiya.

Ya jawo wani fayil ya buɗe. Hotuna ne. Ƙofofinmu, ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwaɗonta. Na gane tawa da tsagewar da ke ƙasanta.

Ya ce, "Ya Hajja, sau uku muka zo. Kina ina?"

Na ce, "Ina ciki."

Ummu Faisal ta yi jinkiri kafin ta juya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce da mutum ɗaya ya amsa, dole a rubuta lungun da mazauna, a sake zama a kansa. Bai ce da an canza hanya ba, ya ce bai sani ba. Amma yanzu an sa hannu, an ba masu aiki, magana ta bar hannunsa. Sannan ya rage murya ya ce, "Ban tambaye ki takardarki ba, kuma ba zan tambaya ba. Sauka lafiya." Alheri ne ya yi mini, na sani. Amma na fito ofishin nan kamar yadda na shiga, ba a rubuta ni ko'ina ba.

Wata ɗaya aka ba mu. Lungu ya watse. Masu ƙafa suka bazu, wasu Utaibiyya, wasu Jidda. Ladidi ta wuce ni da ƙunshinta a ka da ɗanta a baya, ba ta yi mini sallama ba. Ban ga laifinta ba. Na yi yawon neman ɗaki har tafin ƙafata ya fashe. Duk inda na je, da an ji babu igama kuma akwai mara lafiya da sai an ɗauka, sai a rufe ƙofa. Masu gidaje su ma tsoro suke ji.

Ummu Faisal ta kira ni gefe. Ta ce akwai ɗan ɗaki ƙarƙashin benenta, mutum ɗaya zai ɗauka. Mijinta ya yarda da mutum ɗaya, kalas, ba ƙari, don in aka samu biyu ba zai iya cewa baƙuwa ce ta zo ziyara ba.

Ban yi dogon tunani ba. Na hau na samu Yaya Gambo na ce, "An gama. Gobe za a sauke ki gidan Ummu Faisal. Ni zan miƙa kaina a mai da ni gida. Ke za ki samu abin da kika zo nema."

Tun ranar da na danne mata baki magana tsakaninmu ba ta wuce ta ruwa da abinci ba. Ranar ta dube ni sosai.

"An gama," ta ce. "Kullum ke an gama. Tabawa, ke wace irin halitta ce? Hukumar da kike zagi sau uku ta hawo dutse tana tambayata. Ke da muke kwana ɗaki ɗaya ko sau ɗaya ba ki taɓa ba."

Ba a saba yi mini magana haka ba.

"Wa zai juya ni a can? 'Ya'yanta da ko sannu ba su iya da Hausa ba? In na ɓata shimfiɗa wa zan kira? In zauna ƙarƙashin bene kamar tsohuwar tabarma, ina jin takun mutane a kaina, ina roƙon mutuwa ta yi sauri kafin su gaji da ni?"

Na zauna a bakin katifa. Na ce, "To Yaya, me kike so?" Kalmomin sun yi mini nauyi a baki kamar na wani yare.

Ta dubi rufin ɗaki. "Abin da nake so kin riga kin toshe shi da hannunki. Saura abin da zan iya. Inda za ki, nan za ni."

"Makka fa?"

"Makka ta Allah ce. Ya san na zo."

A kan kujerar roba maza biyu suka sauko da ita. A kowace kwana ta matakala sai ta ce su tsaya, wai kada su gaji, amma ni na san hasumiyar Harami take kallo. Ummu Faisal ta kai mu har inda ake miƙa kai, tana kuka tana cusa mana dabino a jaka. Mun yi kwanaki a wurin tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Wata ma'aikaciya ta ga halin Yaya Gambo ta samo mata keken marasa lafiya da bargo. Aka ɗauki hoton yatsunmu, aka ce ba mu ba dawowa.

Garinmu na kai ta, don ita ba ta da inda za ta. Ɗana ya ba mu ɗaki a gidansa. Ya girma ba ni, yana ce mini Hajiya kamar baƙuwa, amma bai rage mu da komai ba. Yaya Gambo ta yi wata bakwai. Ba ta ƙara ambaton Makka ba, ko da wasa, ni ma ban ambata ba. Na nemi gafararta sau ɗaya, ta ce, "Miƙo mini ruwa." Ban sani ba ko amsar ke nan.

Ranar Talata da hantsi ta cika, farkon damina. Ni na yi mata wanka. Aka fito da ita ƙofar gida, mutanen unguwa suka taru don sallah, sahu biyu da ɗan kai. Ba wanda ya san ta a cikinsu. Ina daga cikin zaure na ji liman yana tambaya, wannan baiwar Allah 'yar gidan wa ce, wa ke da gawa, don a san wanda za a yi wa ta'aziyya. Ɗana ya waiwayo yana duban ƙofar zaure.

Mace ba ta magana a wurin. Na ɗaga labulen zaure na ce, "Tawa ce."